Tambayoyi da amsoshi kan zaman shawarar hanyoyin unguwarmu

Assalamu alaikum 'yan unguwa. Tun ranar da mai unguwa ya sa aka yi shela cewa za a zauna kan maganar hanyoyi da zirga-zirga a unguwar nan tamu ta Maradi, tambaya ba ta ƙare ba, a ƙofar masallaci, wajen mai shayi, a fada, har da dare ana kirana a salula. Shi ya sa na ce bari in tattara waɗanda suka hi yawa in amsa su waje guda. Ni ɗaya ne cikin 'yan kwamitin da aka ɗora ma rubuta abin da mutane za su faɗa, kuma ni ma nan nike kwana nan nike tashi, ɗiyana ta hanyar nan suke bi zuwa lakkwal kullum.

Wai mi ake nuhi da tsarin hanyoyi, ba dai gudron ba ne?

Gudron, wato kwalta, ɓangare ne kawai. Tsarin shi ne takarda guda da taswira da za su nuna ta ina babbar mota za ta bi da inda ba za ta shiga ba, ina 'yan kabu-kabu da adaidaita za su tsaya jiran fasinja, ta ina yara za su ƙetare hanya, ina ruwan sama zai bi in ya sauko, wace hanya za a fara gyarawa in kuɗi sun samu wace ce za ta jira. Ƙidayar 2012 ta nuna mutum dubu 267 da 'yan kai a cikin birnin Maradi, kuma kowa shina ganin yadda garin ya buɗe tun daga lokacin, unguwanni sababbi sun hito, babura sun ninka, amma hanyoyin cikin unguwa suna nan yadda muka gaje su.

Wa ya kira zaman, hukuma ko ku?

Mu mazauna muka nema ta hannun mai unguwa, shi kuma zai kai takardar ga ma'aikatar magajin gari tunda hanyoyin cikin gari a hannunta suke. Kun san tun watan Afrilu 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, babu kansila da za ka tare ka ce mishi ga matsalar layinmu, waɗanda aka naɗa ne ke riƙe da gari. To in babu kansila sai mu haɗa bakinmu mu rubuta da kanmu. Kwamitin ba ya da kuɗi, ba ya da iko ya rushe ko ya gina, aikinshi ji da rubutawa da kai saƙo.

To za a sa mana gudron ko pave, wato jeren duwatsun siminti, a bana?

Ban yi ma kowa wanga alkawali ba kuma kar wani ya ce kwamiti ya yi. Amma bari in tsaya nan kaɗan don nan ne muka hi samun saɓani da mutane.

Kusan duk wanda na tambaya mi kake so, gudron zai fara cewa. Ni kuma ra'ayina, kuma zan faɗe shi a wajen zaman gaban kowa, ruwa ya kamata mu fara magana a kai. Garin nan a kan tudu shike kuma ƙasarmu rairayi ce, ruwa in ya sauko cikin watan Agusta gangarawa shike yi wajen Gulbi da ƙarhi, shina tahiya shina cin gehen hanya har ya zama korama. Dattawa sun san tarihin, ambaliyar 1945 ce ta ci tsohon garin da ke bakin Gulbi har aka taso aka dawo bisa, aka yanka unguwanni da layuka miƙaƙƙu. Kuma ba sai mun je nesa ba, ruwan ƙarshen Agusta 2024 kowa ya ga abin da ya yi cikin gari, gidaje sun faɗi, an yi rashin rayuka, Allah shi jiƙan waɗanda suka rasu. In ka zuba gudron ba ka yi ma ruwa hanya ba, abu biyu ne zai faru, ko ruwan ya shiga ƙarƙashi ya ɓarke shi cikin damina kaɗan, ko kuma tunda an ɗaga hanyar sama ta hi ƙofar gidaje tudu, ruwan ya juya ya shiga zaurukan mutane. Shi ya sa in aka ce mu zaɓa tsakanin dogon gudron mara magudana da gajeren pave mai magudana, ni na biyun zan ɗaga ma hannu. Pave ma in bututun pampo ya fashe ana iya ɗaga duwatsun a gyara a maida, ba sai an sare hanya an bar rami ba.

Abin da muke roƙo, duk wanda ruwa ke shiga gidanshi ko ke tsayawa ƙofarshi ya zo ya nuna mana wajen da yatsa. Injiniya zai zo da rani ya ga busasshen yashi, kai ne ka san inda ruwa ke kai wa gwiwa.

Rumfata tana bakin hanya, nan nike samun na cefane. Korata za a yi?

Wagga tambaya ita ta hi hana ni barci, gaskiya. Masu tebur, masu tuyar ƙosai da awara, 'yan ruwa-ruwa masu saida esansi a kwalba, masu faci, masu cajin salula, duk bakin hanya ne kasuwarsu. Ba zan ɓoye muku ba, akwai wuraren da rumfuna suka ci hanya har mota biyu ba su iya giftawa, kuma wata rana ko da mu ko ba mu za a zo a ce a janye. Bambancin shi ne in mun riga mun zauna mun ce a janye taku kaza baya, a bar mai ƙosai a kusurwar nan tunda ba ta tare kowa ba, a nemo ma masu esansi waje nesa da masu wutar tuya, to an samu abin da za a nuna. In ba mu zauna ba, wanda zai ja layin bai san sunanka ba bai san ɗiyanka nawa ba. Don Allah masu rumfa ku zo, ku ne kuka hi kowa buƙatar zuwa, kar ku ce zuwan ne zai sa a gan ku, ai rumfar a hili take.

Gidaje hwa, za a rushe?

Babu rushe gida cikin abin da muke tattaunawa. In ma wata rana hukuma ta buƙaci hilin mutum don aikin jama'a, akwai doka a ƙasar nan, doka mai lamba 61-37 ta 1961 wadda aka yi ma gyara a 2008, ita ta tsara yadda ake karɓar hili don amfanin jama'a, da bincike da biyan diyya. Amma a lura, diyyar hili ta wanda ke da hakki a kan hilin ce. Wanda ya turo dakali ko ramin salga ko katanga cikin hanya maganarshi daban take. Kowa ya nemo takardar hilinshi ya adana, ko ba don wanga zama ba.

Mu 'yan kabu-kabu da adaidaita kullum mu ake zagi. In mun zo ba taron dangi za a yi mana ba?

Ba za mu bari ba. E akwai masu gudu, akwai yaran da ba su kai ba ana ba su babur, wannan za a faɗa kuma ku ma kun sani. Amma wa ke kai mai naƙuda likita ƙarhe biyun dare? Wa ke shiga lungun da taksi ba ta shiga? Kuma babu wanda ya san ramukan unguwar nan kamar ku, kun san mararrabar da ake yawan karo, kun san inda yashi ke kada babur. Mun roƙi shugabannin sandika su turo wakilai, amma wanda ba ya cikin sandika shi ma ya zo. Abin da muke so mu ji daga bakinku, ina ya dace a yi muku wajen tsayawa mai inuwa wanda ba bakin mararraba ba kuma fasinja zai gan ku, don in aka kai ku inda babu fasinja mun san kwana biyu za ku dawo inda kuke, aikin ya tashi banza. Maganar hular kwano ma za ta taso, ku shirya mata.

Masu amalanke da 'yan garuwa suna ciki?

Suna ciki ƙwarai. Yashi, bulo, itace, hatsi, ruwa, rabin kayan unguwa a bayan jaki da sa da kura suke shigowa. Tsarin da ya manta da su bai san Maradi ba.

Manyan motoci da ke kwana a layinmu suna toshe ƙofa, za a hana su?

Garin nan kasuwanci ya gina shi, hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta wuce Damagaram ta nan yankin ta bi, ga kuma hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ba mai cewa babbar mota kar ta shigo Maradi. Kuma magazan ɗin da ke cikin unguwa na 'yan uwanmu ne, samari da yawa dako a nan suke ci. Abin da ake iya tsarawa shi ne lokaci da hanya. Misali kar a sauke kaya lokacin da yara ke tahiya lakkwal da sahe ko lokacin tashinsu, a ware layi ɗaya ko biyu masu faɗi da za su riƙa bi, kar a kwana da mota a kusurwar da take rufe ma mai hitowa ido. Nauyinsu kuma shi ke karya murhin magudana, wannan ma sai an yi magana da alhazan da ke da kayan. Mun aika musu da gayyata ta hannun mai unguwa cikin mutunci, kuma muna fata su zo da kansu ba yaran shago kawai ba.

Mu dai a yi mana tudun rage gudu a ƙofar lakkwal, sauran duk ba su dame mu ba.

Hajiya da ta yi mini wagga magana tana da gaskiya, kuma ni ma abin ya taɓa ni. Bara ɗana na biyu babur ya buge shi a mararrabar da ke kusa da gidanmu shina dawowa daga makarantar allo da magariba, Allah ya tsare karaya ce a hannu kawai, amma daren da muka yi a likita ba zan manta shi ba. Wanda ya buge shi ya tsaya, ya ɗauke shi da kanshi, shi ma kuka shike. Da na koma na dubi wajen da rana sai na ga ba yadda za a yi ya hango yaro, ga mota an aje a kusurwa, ga tarin yashin gini, babu hitila.

Ku yi lissahin nan da ni. Mai tahiya a kilomita 50 cikin awa, kowace daƙiƙa ɗaya shina cin wajen mita 14. Mai tahiya a 30 shina cin mita 8 da 'yan kai. Kahin ido ya gani ƙafa ta taka birki daƙiƙa ta wuce, to wancan bambancin shi ne tsakanin tsayawa gaban yaro da hawa kanshi. Shi ya sa hukumar lahiya ta duniya take ba da shawarar kar a wuce 30 a inda mutane da ababen hawa ke cakuɗe, irin ƙofar lakkwal da kasuwa.

Sai dai tudun ma iri-iri ne. Wanda samari ke tashi su yi da kansu da siminti ko su binne icce bayan an yi hatsari, mai tsini, babu fenti babu alama, shi kanshi shina kada masu babur da dare, shina wahal da mai ciki da marar lahiya a cikin adaidaita, kuma da damina shina tare ruwa. Na gane zahin ran da ke sa a yi shi. Amma mu nemi a yi mai faɗi wanda ake hawa a hankali, a shafa mishi fenti, a bar ma ruwa mahita a gehe. Kuma tudu kaɗai bai isa ba in kusurwar a rufe take. Malaman lakkwal da na islamiyya da na allo, ku kawo mana lokutan shiga da tashi, da hanyar da yawancin yaran ke biyowa.

Mu mata yaya za mu yi, taron maza ne a ƙofar mai unguwa?

Za a yi zaman mata daban a cikin gida da hantsi bayan an sallami yara, kuma mata ne cikin kwamiti za su jagorance shi su rubuta. Abin da aka faɗa can nauyinshi ɗaya da na zaman maza, takarda guda za su shiga. Iyayenmu da ƙannenmu ku ne masu tahiya a ƙasa, kai niƙa, awo a likita da goyo, kasuwa, biki, ɗibar ruwa ranar da pampo ya ɗauke. Namiji mai babur bai san wahalar ƙetare babbar hanya da yaro a baya wani a hannu ba. Magidanta don Allah ku bar su su je. Wadda ba ta hita, a faɗa mana, mace za ta zo har gida ta ji ta bakinta.

Ban yi lakkwal ba, ban iya Faransanci ba, taswira ma ban san kanta ba.

Da Hausa za a yi komi, da Hausa za a rubuta, in an gama a karanta da ƙarhi kowa ya ji kahin a sa hannu. Dama tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, ba wanda zai raina takarda don da Hausa take. In ana buƙatar ta Faransanci don biro sai a juya, amma ta Hausar ce uwa. Taswira kuwa a ƙasa za mu zana ta da sanda, ga masallaci, ga injin niƙa, ga bedin da ake zama, kowa ya ɗora dutse inda matsala take. Bayan haka za mu zaga da ƙafa layi-layi.

Ni ɗan haya ne, ina da baki?

Kana da shi. Da mai gida da ɗan haya da ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya kama ɗaki a nan, da wanda shago kawai gare shi a unguwar, hanya ɗaya kuke bi. Makafi da guragu masu keke kuma mun tanadar musu wuri a gaba, don magudana buɗaɗɗiya mara murhi su ta hi cuta.

Ana ba da kuɗin zama?

A'a, ko dala. Ba poroje ba ne. Ruwan sha kawai za a kawo, shi ma karo-karo muka yi.

An sha kiran mu irin wanga taro, a ɗauki hoto a watse. Mi ya bambanta wannan?

Ba zan ce ba ku da hujja ba, ni ma na zauna irinshi, aka rubuta sunayenmu, har yau shiru. Kuma ba zan rantse muku cewa wannan zai kawo buldoza gobe ba. Abin da ke hannunmu shi zan faɗa. Takardar ba za ta tahi ita kaɗai ta ɓace ba, kwahi ɗaya zai zauna wajen mai unguwa, ɗaya wajen liman, ɗaya wajen shugabar mata, duk mai so ya je ya gani. Za mu raba buƙatun kashi biyu, waɗanda sai hukuma da kuɗinta, irin pave da babbar magudana da hitilun hanya, da waɗanda mu da kanmu muke iyawa ba tare da jiran kowa ba, irin yashe magudanar da ke akwai kahin ruwan farko, kwashe yashin gini daga kusurwa, daina zuba shara a hanyar ruwa, samun babba guda da zai riƙa tsayawa ƙofar lakkwal lokacin tashi. Kashi na biyun in bai yiwu ba laihinmu ne, ba na kowa ba. Na farkon kuma, ranar da kuɗi suka samu, daga kasahin gari ne ko daga wani mai taimako, unguwar da ta riga ta san abin da take so kuma bakinta ɗaya ta hi sauƙin a fara da ita bisa wadda za a zo a tarar ana gardama. Kuma bayan wata ukku kwamiti zai dawo gabanku ya faɗi inda takardar ta kai, ko da amsar ita ce ba a amsa ba.

Jirgin ƙasan Kano zai shafe mu?

Aikin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maradi, wajen kilomita 284, an ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021. Wannan magana ce ta ƙasa da ƙasa, ta hi ƙarhin zaman unguwa. Abin da ya shafe mu kawai, duk ranar da kaya suka ƙaru a garin nan manyan motoci ma za su ƙaru, gara mun riga mun ce ga inda za su bi.

Za a sare itatuwan bakin hanya?

Matsayin da zan kare shi ne kar a taɓa bedi ko guda sai in babu makawa, in an sare ɗaya a dasa wasu. Wanda ya taɓa tahiya a ƙasa cikin watan Afrilu da azahar ya san inuwa ma hanya ce.

In ra'ayi ya saɓa hwa? Layinmu da layin su wane kowa zai ce nashi za a fara.

Zai faru, mun sani. Shi ya sa kahin a ambaci sunan layi ko ɗaya za mu fara yarda da ma'auni, inda ruwa ke shiga gidaje, inda yara suka hi ƙetarewa, inda motar likita ko ta 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga in an kira lamba 18. Layin da ya hi cika waɗannan shi ne gaba, ko na talaka ne ko na alhaji, ko da ba layin ɗan kwamiti ba ne. Wanda bai yarda da abin da rinjaye ya zaɓa ba za a rubuta ra'ayinshi a ƙasan takardar, ba za a share shi ba. Siyasa kuma a aje ta a gida, da tsohuwar rigimar iyaka tsakanin maƙwabta, wannan wajen mai unguwa ake kai ta wata rana daban.

Yaushe ne, kuma mi zan zo da shi?

Zaman maza ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, na mata ranar Lahadi da hantsi, zagayen layuka kuma sati na gaba da sahe kahin rana ta yi zahi. Za a sake shela a masallatai ranar Juma'a. Ka zo da tabarmarka ko kujera, in kana da hoton ƙofar gidanka na lokacin damina a salula ka zo da shi, shina da amfani ƙwarai. Kowa minti kaɗan zai samu don mutane da yawa, to ka riga ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka hi damunka, da wurin da suke daidai. Wanda ke kasuwar ƙauye ranar ko shina tahiya, ya bar saƙonshi wajen mai unguwa ko ya faɗa ma maƙwabcin da zai zo, za mu karanta shi a wajen kamar shina zaune.